LAMBUN UWARGIDA: Ɓarawon Lawashi Yana Cikin Wuyan Albasa

  

Wasiƙar wannan fitowa daga wata ƙanwarmu ce 'yar makaranta a Tsanyawa. Ta ce ta dasa albasa mai lawashi a tsohon baho bayan ɗakin mahaifiyarta, da sanyi ta yi kore shar har maƙwabta na aiko yara a tsinko musu, amma da zafi ya fara shigowa sai ganyen ya yi dabbare-dabbaren fari, bakinsa ya bushe ya lanƙwashe. Yayanta ya ce ta kawo kuɗi ya sayo Sniper ya fesa mata, shi ne take tambaya ko ta ba shi.

Ƙanwata, riƙe kuɗinki. Lawashi ganye ne da ake tsinka yau a yanka a kwaɗo ko a watsa a kan dambu yau ɗin nan, wani lokaci ko wuta bai gani ba. Sniper kuwa guba ce mai ƙarfi, shi ya sa a shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a shaguna da kasuwanni. Haka ma ota-fiya-fiya da ake ƙullawa a kwalba ba suna ba bayani. Wa zai ci kwaɗon? Baba da Inna da ƙannenki. Haba, a kan ganyen albasa?

To yanzu bari mu kamo ɓarawon. Gobe da sassafe ki tsuguna gaban bahon, ki sa yatsa ki ɗan buɗa wuyan albasar, daidai inda sabon ganye ke ɓullowa tsakanin tsofaffi. Za ki ga wasu 'yan ƙwari sirara, masu ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, ko ƙwarƙwata ta fi su jiki, suna ta guje-guje. Su ne. Suna kankare fatar ganye su tsotse ruwansa, wurin da suka sha shi ne yake yin farin nan. Uwarsu a cikin naman ganyen take saka ƙwai, 'ya'yan su yi ƙiba a wuyan albasa, sannan su sauka cikin ƙasa su rikiɗe su fito da fukafukai. Da zafi, cikin sati 2 zuwa 3 'ya ta zama uwa. Wani abin mamaki ma, macen ƙwaron nan ba ta jiran miji, ita kaɗai take hayayyafa, ba lefe ba sadaki! Shi ya sa daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da iska ta bushe rana ta buɗe, suke cika lambu kamar an zuba su. Da damina ruwan sama ne ke wanke su.

Kin ga ke nan magani na farko a randa yake. Ki huda murfin gora da ƙusa, ki riƙa ba da ruwa ta sama yana sauka cikin wuyan albasar, da safe, don ganyen ya bushe kafin dare. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi ke kamuwa da wata cuta mai tabo ruwan makuba. Kuma don Allah ban da ruwan wanki mai Omo, na san ruwa na wuya da rani, amma wanda aka wanke shinkafa ko gero da shi ya wadatar.

Na biyu kuma a ƙofar gida yake, wato darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro. Idan ta zubar da 'ya'ya ki tara, ki wanke, ki shanya a inuwa ki adana. Ranar buƙata sai ki ɓare ki daka ƙwayar kamar giram 50, wato cikin hannu guda mai kyau, ki jiƙa a lita 1 ta ruwa ya kwana. Washegari ki tace da tsumma mai tsabta, ki narka ɗan sabulun wanki kamar girman ƙwayar gyaɗa a ciki don ruwan ya kama ganye, santsi gare shi. Da la'asar sakaliya za ki fesa, saboda rana tana kashe ƙarfin maganin, kuma ki nufi wuyan nan dai. Ki maimaita duk sati har sau 3 ko 4, domin waɗanda ke cikin ƙwai da cikin ƙasa fesawar farko ba ta same su ba. Ba ya kashewa nan take kamar na kanti, hana su ci da girma yake yi, sai an yi haƙuri. Wadda ba ta tara 'ya'yan ba ta daka ɗanyen ganye, sai dai bai kai ƙwayar ƙarfi ba. Turmin da kika daka kuwa ki wanke shi sosai, kada Inna ta zo dakan fura ta ji ɗaci ki sha faɗa. Lawashin ma a wanke kafin a ci.

Akwai kuma tsutsa. Wani malam-buɗe-littafi na dare ne ke saka ƙwai a jikin ganye, 'ya'yan su huda su shige cikin bututun suna ci daga ciki. In kin ga ganye ya yi haske kamar leda ya faɗi, ki ɗaga shi ga rana, za ki hango ta. Yanke shi ki jefa wa kaji. Kajin su ma ɓarayi ne, su da awaki, sai ki kewaye bahon da kara ko ƙaya, ki lulluɓa tsohon gidan sauron da ya gama aiki, zai tare su har da mai saka ƙwan.

Ga masu son farawa, ba sai kin sayi iri ba. Albasar da ta tsiro a kwando, ko gindin mai lawashi da kika yanke da saiwarsa, su za ki dasa, tazarar yatsu 4 tsakani. Ƙasarmu ta wajen Tsanyawa da Bichi rairayi ya yi mata yawa, ba ta riƙe ruwa, don haka ki cakuɗa ta da kashin awaki da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake. Ki huda gindin bahon ruwa ya riƙa fita. Wajen tsinka ki bar kamar yatsu 3 a kan ƙasa, zai sake tohowa. Idan zagaye ya ƙare ki juye ƙasar ki shanya a rana, ko ki shuka alayyahu a wurin, kada ki mayar da albasa ko tafarnuwa, abokan gabarsu ɗaya ne.

Wasu kan tambaye ni wata 'yar uwar albasa mai faffaɗan ganye da dogon farin wuya, wadda ba ta yin kai, irin da ake gani wajen masu kayan lambun Jos. Ita ma ƙwarin nan suna cin ta, maganin ɗaya ne, sai dai sanyi take so kuma takan kai wata 4 zuwa 5, a wajenmu sai a dasa ta da farkon hunturu, a riƙa tara mata ƙasa a wuya don ya yi fari.

In lawashi ya yi miki yawa kada ki bari ya ruɓe. Ki daka, ki dunƙula, ki shanya ya zama gabu, ki zuba a gwangwani mai murfi, miyar kuka ta damina ta samu ƙamshi. A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu duba yadda ake rainon tumatir a buhu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Wassalam.