Kifin Kyauta Yakan Zo Da Baƙo A Ciki



Kowace shekara idan Gulbin Zamfara ya ja baya, 'ya'yan tarwaɗa da na karfasa sukan maƙale a kududdufai, daga Jega har fadamun Maiyama. Mukan kwashe su kyauta mu zuba a tafkin ƙungiya. Mu dai a ganinmu ya kamata mu bar wannan ɗabi'a, gama kifin nan yakan zo da tsutsa.

Ga yadda abin yake. Zalɓe ya ci kifi mai tsutsa, ya yi kashi a ruwa. Ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon koɗi, daga nan ya fito ya huda jikin wani kifin. Shi ne rawayan ƙurjin nan da mukan gani a jikin karfasa. Akwai kuma jar tsutsa doguwa da takan naɗe a cikin tarwaɗa. Wata kuwa ido ba ya ganinta sosai, tana manne wa jan naman nan na bayan kunne wanda kifi yake numfashi da shi. Ita ba ta bukatar tsuntsu ko dodon koɗi. Cunkoso kaɗai ya ishe ta yaɗuwa.

Sau da yawa tsutsa ba ta kashe babban kifi nan da nan, shi ya sa muke raina ta. Amma abincin da muka saya da kuɗin bashi, da ita ake ci. Kifi ya tsumbure, mai saye ya ga ƙurji ya rage kuɗi. Ƙananan kuwa sukan mutu da yawa.

Haihuwa ma tana taɓuwa. Ramammiyar uwa ba ta yin ƙwai kamar lafiyayya. A Tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas akwai wata irin tsila da takan cika cikin ƙananan kifaye har cikin ya kumbura, ƙwai ya kasa girma. Ita ma tsuntsaye suke yaɗa ta.

Wani zai ce irin kifi na saye yana da tsada. Gaskiya ne. Amma me ya sa muka kafa ƙungiyar gama kai? Manoman albasa na Aliero ba su yarda da kowane irin iri don an ce kyauta ne. Mu haɗa kuɗi mu sayo daga wurin masu ƙyanƙyasa da aka sani. Ko shi ma a ajiye shi dabam mako 2, a lura da shi kafin a haɗa.

Sauran aikin ba ya cin kuɗi da yawa:

1. Bayan an kwashe kifi, a tsiyaye tafki, a bar shi a rana har ƙasa ta tsattsage, a barbaɗa farar ƙasa.
2. A cire ciyawar bakin ruwa inda dodon koɗi yake ɓuya. Wannan zai rage tsargiya ma ga yaranmu.
3. A shimfiɗa tsohon taru a bisa tafki don hana tsuntsaye.
4. Kada a jefa hanjin kifi a ruwa ko a bar wa tsuntsu. A binne shi.
5. Kada a zuba maganin tsutsar shanu da ka. A tambayi malamin gona ko likitan dabbobi. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa, wadda aikinta ya fara a 1968, don irin wannan matsala take.

A gida kuma a dafa kifi ya nuna har ciki, wuta tana kashe tsutsa.

Tsuntsu bai san iyakar gonar kowa ba. Idan ƙungiya ɗaya ta gyara, maƙwabciyarta ta ƙi, zalɓe zai sake kawo cutar. Saboda haka shugabanni su sa maganar nan a taron wannan wata, tun ruwa bai janye ba.