Fari da saiwar gero: binciken da muka bar wa wasu

A farkon kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da bayanin yadda take zaton damina za ta kasance, kuma a cikin bayanin akwai wani sashe da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato na kwanakin da ruwa kan ɗauke bayan an yi shuka. Manomin Gumel ko na Illela ya san wannan masifa tun kafin a kafa hukumar. Ruwan farko ya sauka, gero ya tsiro, sai sama ta yi shiru mako biyu ko uku, saman ƙasar jigawa ya bushe ƙamas, a wayi gari sai an sake neman iri. Abin da ke raba tsiron da ya mutu da wanda ya rayu a waɗannan kwanaki yana ƙarƙashin ƙasa, inda idon manomi da na jami'in gwamnati ba ya kaiwa.

A shekarar 2016 wata ɗaliba mai suna Sixtine Passot ta kammala digirin digirgir a Jami'ar Montpellier da ke Faransa, kuma kundinta a kan saiwar gero yake kacokan. Abin da ita da abokan aikinta suka gano shi ne, a kusan makon farko na rayuwarsa gero ba ya ɓata ƙarfinsa wajen baza saiwoyi a gefe. Saiwa ɗaya tal yake turawa ƙasa da sauri, tana bin danshi yayin da yake janyewa, sai daga baya sauran su biyo. Sun kuma nuna cewa ƙananan saiwoyin da ke fitowa daga baya iri uku ne, kowane da kaurinsa da tsarin hanyoyin ruwan da ke cikinsa. (A nan Bahaushe bai yi kuskure ba da yake kiran saiwa jijiya, domin aikinsu ɗaya ne.) A 2024 masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da takwarorinsu na Senegal suka ɗora a kan wannan aiki, suka gwada ire-iren gero a gona, suka ga cewa waɗanda saiwarsu ta farko ta fi saurin nutsawa sun fi jure farin farkon damina.

Ba a gero aka fara ba. A 2013 wani masani ɗan Japan, Yusaku Uga, ya gano ƙwayar gado da aka sa wa suna DRO1 a cikin wata shinkafar tudu ta manoman Filifin. Da aka shigar da ita cikin IR64, shinkafar da ta shahara da yawan amfani amma saiwarta ba ta da zurfi, sai saiwoyin suka karkata ƙasa maimakon gefe. A gwajin fari matsakaici IR64 ta yi asarar fiye da rabin amfaninta, sabuwar kuwa kusan kashi 10 cikin 100 kawai. Abin lura shi ne daga gonar talaka aka samo maganin.

To amma kada mai karatu ya ɗauka cewa zurfin saiwa shi ne ƙarshen zance. Vincent Vadez da abokan aikinsa a cibiyar ICRISAT ta Indiya sun shafe shekaru suna shuka gero da dawa da gyaɗa a cikin dogayen bututu, suna auna nauyinsu don sanin yawan ruwan da shuka ta sha. Sakamakonsu ya nuna cewa sau da yawa lokacin shan ruwan ya fi yawansa muhimmanci. Shukar da ta zuƙe ruwan ƙasa da wuri tana ƙawata ganye, takan rasa abin sha idan zangarniya ta zo cika ido, alhali mai tattali ta kai gaci. Ke nan saiwar da ta dace da rairayin Daura ba lallai ta dace da laka mai tsagewa ta bakin Tafkin Chadi ba, kuma farin farkon damina daban yake da na ƙarshenta. Wannan amsa ba a sayo ta daga waje. Sai an haƙa ƙasar wurin an gani.

A nan ne matsalarmu take. Gero amfanin gonarmu ne, a yankin Sahel aka fara noma shi fiye da shekara 4,000 da suka wuce, kuma Nijar da Nijeriya suna cikin manyan masu noma shi a Afirka. Ba mu rasa cibiyoyi ba: akwai ta Tafkin Chadi a Maiduguri da aka ɗora wa alhakin gero, akwai ta Samaru mai kula da dawa da wake da gyaɗa, akwai cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero, ga kuma tashar ICRISAT a Sadore kusa da Yamai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗalibin da zai iya zama shekara huɗu a kan tambaya ɗaya ba tare da yunwa ta kore shi ba. Binciken saiwa aiki ne na haƙa rami, da wanke ƙasa a hankali, da ƙidaya, kuma damina ɗaya ba ta isa hujja. Mafi yawan ɗalibanmu na wannan mataki da albashinsu suke biyan kuɗin gwaji, don haka ba laifinsu ba ne idan suka zaɓi maudu'in da takardar tambayoyi za ta gama cikin wata uku. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wato ya haɗiye damina sukutum. Ɗalibin nahawu zai iya ci gaba da rubutu a ɗaki. Wanda gwajinsa ke jiran ruwan sama shekara guda ya rasa.

Akwai kuma ilimin da ke bakin manoma wanda ba mu tattara ba. Wani bincike da aka buga a 2018, shi ma a Senegal aka yi, ya tabbatar da cewa sabara kan jawo ruwa daga zurfi da saiwarta, ta sake shi a saman ƙasa da dare, geron da ke kusa ya amfana. Sabara ce fa, wadda ake sassabewa a ƙone kowace bazara. Sunayen da manoma ke ba ire-iren gero da maiwa, da abin da suke faɗa a kan wanda ke jure ƙishi da wanda ba ya jurewa, jagora ne ga mai neman irin da zai gwada, kuma tattara su aiki ne da sashen Hausa da na noma za su iya yi tare.

A nawa ganin, asusun TETFund da gwamnatocin jihohin da ke noma gero su ware guraben karatu na musamman da za su biya kuɗin gona, da leburori, da na'urori na damina uku a jere, a kuma sa sharaɗin cewa a gonakin yankin za a yi gwajin, a fassara sakamakon zuwa Hausa domin malaman gona da gidajen rediyo.