Zauren 'Yan Mata: Jan Biro Ba Zagi Ba Ne

  

Yau labarin ɗiyar yayata zan ba ku. Tun tana sakandire yarinyar nan ba ta da abin so irin littattafan soyayya, har a ƙarƙashin filo take ɓoye su. Allah cikin ikonsa ta gama digirin farko a fannin Hausa da sakamako mai kyau, ta yi bautar ƙasa, jami'ar ta ɗauke ta ƙaramar malama, ta kuma shiga digiri na biyu. Kan me za ta yi bincike? Kan littattafan mata, waɗanda da ake yi mata faɗa a kansu!

Wata ranar Asabar sai ga ta ta faɗo mini gida, idanun nan sun yi jajir. Ta zube mini takardu a cinya ta ce, "Anti, ni na haƙura da karatun nan. Wata uku ina rubuta babi ɗaya, dubi yadda Malam ya yi masa." Wallahi takardar nan kamar an yanka kaza a kai, ko'ina jan biro.

Na duba shafin farko. Ta rubuta cewa mata sun daɗe suna rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Malamin da ke duba aikinta ya ja layi ya rubuta: "Wace ce? Yaushe? Ina hujjarki?" Na ce, "Ke 'yar nan, ina zagin yake a nan? Tambaya ya yi miki. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Share hawayenki ki je ki nemo masa amsa."

Ta yi sati biyu tana sintiri a laburare. Da ta dawo, jimlar nan ta zama magana mai ƙafafu: So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, shi ake ɗauka ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Ta kuma kawo cewa Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Kun ga bambancin hira da nazari ko? A hira sai ki ce "an ce", a wuce wajen. A nazari kuwa sai kin faɗi suna, da shekara, da inda kika gani, don wata ta bi sawunki ta tabbatar.

To, ana cikin haka sai aka ba ta 'yan aji ɗaya ta koya musu ƙa'idojin rubutu. Ranar farko, in ji ta, gwiwoyinta har karkarwa suke, ga wasu ɗaliban sun girme ta. Ta ba su aiki, ta kwaso takardu ta zauna dubawa da daddare. Wannan ya rubuta "ya na" a rabe maimakon "yana", wancan ya raba "gidan su" maimakon "gidansu". Wata kuma ta manta lanƙwasa, tana nufin baƙi sun zo, ta rubuta baki sun zo. Ba ta ankara ba sai ta ga ta cika takardar wata yarinya da jan biro, sak yadda aka yi mata.

Washegari yarinyar ta same ta a ofis da ƙwalla a ido, ta ce, "Malama, ni dai na san ba ni da ƙoƙari." Ɗiyata ta jawo aljihun tebur ta ɗauko babin nan nata ta miƙa mata, ta ce, "Duba nan, ƙanwata. Nawa ne, kuma sau huɗu na sake shi. Wanda ya tsaya ya ja miki layi ya karanta aikinki ke nan." Tun daga ranar take fara rubuta wa ɗalibi abin da ya yi daidai kafin ta nuna masa kuskurensa. Ta ce mini gyaran rubutun ɗalibai ne ya buɗe mata ido ga nata kurakuran.

Ƙannena, na san cikinku akwai wadda malami ya taɓa cika wa insha'i da gyara, ta yaga takardar ta ce ita ba ta iya ba. Kada ki sake yin haka, kin ji? Ɗauko takardar ki bi gyaran ɗaya bayan ɗaya, ki sake kwafewa a littafinki. In kin gama littafin soyayyarki kuma, duba bango ki rubuta sunan marubuciyar da shekarar bugu, ki ƙara layi biyar kan abin da ya burge ki da dalilinki. Daga nan masu digiri suka faro.

Ɗiyar tawa yanzu tana babi na uku, jan biron ma ya fara raguwa. Ku saka ta cikin addu'a. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum, Antinku.