Ra'ayinmu: Digirin Taswirar Zamani

Jami'o'i da dama a Nijeriya sun fara ba da digiri a ilmin nan da ake kira GIS, watau haɗa taswira da bayanan wuri a cikin kwamfuta, yadda mutum zai tambayi na'ura ƙauyuka nawa ne suka yi nisa da asibiti, ta kuwa nuna masa su ɗaya bayan ɗaya. A ƙasar Kanada aka fara wannan aiki wajen 1963, a hannun Roger Tomlinson, domin ƙididdigar filayen noma da dazuzzuka. Mu dai muna maraba da wannan digiri.

Amfaninsa ba ɓoyayye ba ne. Lokacin yaƙi da cutar shan inna, masu allurar rigakafi a Arewa sun daɗe suna aiki da taswirar da aka zana da hannu, har a tsallake ruga ko ƙauye ba a sani ba. Daga 2012 aka shiga amfani da hotunan tauraron ɗan Adam, aka gano matsugunan da babu su a takarda. Ba taswira kaɗai ta yi aikin ba, amma ta taimaka ƙwarai, har aka tabbatar a 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

To, sai dai akwai abin da ke damunmu. Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnonin jihohi, yau kuwa da irin wannan na'ura ofisoshin filaye ke yanka fuloti, tun daga na Abuja da aka kafa a 2003. Abin da ma'aikaci bai shigar ba, a wurin Hukuma babu shi. Tauraro yana ganin fili, amma bai san burtali ba, bai san mashayar dabbobi ba, balle gonar gado da ba ta da takarda sai shaidar dattawa. Ɗalibin da ya iya latsa kwamfuta kawai yana iya raba talaka da gonarsa da layi guda, alhali yana ganin ya yi aiki mai kyau.

Saboda haka muna roƙon hukumomin jami'o'i su wajabta wa kowane ɗalibin wannan fanni ya yi zango guda a karkara, ya taka iyakoki da ƙafarsa tare da dagaci da manoma da makiyaya, a kuma koya masa dokar filaye kafin a miƙa masa takardar digiri.