Faɗa da zafin rai: ina rawar abinci da magunguna?

A shekarar 2002 wata mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a gidan yarin matasa na Aylesbury da ke Ingila, wanda har yanzu ake kafa hujja da shi a duk lokacin da aka tayar da batun abinci da halin ɗan Adam.

Bernard Gesch na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun raba fursunoni 231, masu shekara 18 zuwa 21, gida biyu. Kashi ɗaya an riƙa ba su ƙwayoyin bitamin da ma'adinai da wasu nau'o'in mai da jiki ke buƙata, ɗaya kashin kuma ƙwayoyi masu kama da waɗancan amma babu komai a cikinsu. Fursunonin da gandirobobinsu duka ba su san wa ke shan wanne ba.

Da aka duba littafin laifuffukan gidan, sai aka ga laifin da masu shan ƙwayoyin gaske suka aikata ya gaza na sauran da kimanin kashi 26 cikin 100.

An maimaita irin wannan gwaji a Holland da fursunoni 221, aka buga sakamakon a 2010, kuma nan ma rigingimun da ma'aikata suka rubuta sun ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. To sai dai da aka tambayi fursunonin su kansu, amsoshinsu ba su nuna wani sauyi a zafin ransu ba, kuma da yawa daga cikinsu sun gane irin ƙwayar da ake ba su, abin da ya rage wa sakamakon ƙarfi.

A 2024 Farfesa Adrian Raine na Jami'ar Pennsylvania ya tattara gwaje-gwaje 29 da suka ƙunshi mutane kusan 4,000, inda ya gano cewa sinadarin omega-3, wanda ake samu a man kifi, yana rage saurin faɗa, kodayake ragin matsakaici ne kuma gwaje-gwajen na gajeren lokaci ne.

Yunwa tun daga ciki

Hujjar da ta fi tayar da hankali ta fito ne daga Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe hanyoyin kai abinci yammacin Holland, aka yi mummunar yunwa. Da yake ƙasar na adana bayanan gwajin lafiyar samarin da ake ɗauka aikin soja, masu bincike sun bi sawun maza sama da dubu 100 da aka haifa a wancan zamani.

Sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna cewa waɗanda uwayensu suka sha matsananciyar yunwa a watanni shida na farkon ciki sun ninka sauran sau biyu da rabi wajen samun larurar nan ta rashin mutunta doka da haƙƙin jama'a. Wani bincike a tsibirin Mauritius, wanda aka buga a 2004, shi ma ya gano cewa yaran da suka nuna alamun tamowa suna da shekara uku sun fi takwarorinsu faɗa da rashin ji a shekara 8 da 11 da 17.

Abin lura shi ne yunwa ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Talauci da rashin makaranta da rikicin gida sukan biyo ta, kuma raba tasirin kowane daga na ɗan uwansa aiki ne mai wuya.

Sukari, wanda ya fi kowa shan zargi a bakin iyaye, shi ne hujja ta fi wankewa. Wani nazari na 1995 da ya haɗa gwaje-gwajen da aka yi wa yara bai ga wani tasirin sukari a kan halinsu ba. Zargin ya samu gindin zama ne a Amurka bayan shari'ar Dan White, wanda ya harbe magajin garin San Francisco George Moscone da ɗan majalisar birnin Harvey Milk a 1978. Lauyoyinsa sun ambaci yawan cin kayan zaƙi a matsayin alamar ciwon damuwa da ke damunsa, amma labarin da ya bazu shi ne wai zaƙi ne ya sa shi kisa. An same shi da laifin da bai kai kisan kai da gangan ba, hukuncin da ya jawo tarzoma a birnin a 1979.

Sinadaran jiki

A shekarun 1980 masana da dama sun ɗauka sun gano bakin zaren, bayan da aka ga ƙarancin alamun sinadarin ƙwaƙwalwa na serotonin a jikin wasu fursunonin Finland da suka yi ta'asa cikin fushi ba tare da shiri ba. Amma wani nazari na 2013 da ya haɗa bincike sama da 140 ya nuna cewa serotonin bai bayyana fiye da kimanin kashi 1 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen zafin rai ba. Alaƙar sinadarin maza na testosterone da faɗa ita ma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Gubar dalma kuwa lamarinta ya sha bamban, domin babu jayayya cewa tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. Wani bincike da ya bi yara 250 na birnin Cincinnati har suka girma ya nuna, a 2008, cewa masu yawan dalma a jini a ƙuruciya sun fi faɗawa hannun 'yan sanda. Inda masana suka rabu shi ne girman rawar da daina zuba dalma a man fetur ya taka wajen raguwar laifuffuka a Amurka tun daga shekarun 1990. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da irin wannan mai, a 2021.

Wannan batu ya shafi Najeriya kai tsaye. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Jihar Zamfara a 2010 ta kashe yara kimanin 400, kuma dubban da suka tsira bayan magani yanzu sun zama samari da 'yan mata. Illar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta cika warkewa ba ko da an fitar da ita daga jini.

Magani: kaifi biyu

A nan ne muhawarar ta fi zafi, musamman a Amurka, inda bayan harbin kan mai uwa da wabi akan ji 'yan siyasa suna nuna magungunan ciwon damuwa da yatsa.

Akwai abin da aka tabbatar. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta tilasta sanya gargaɗi mafi girma a kwalin waɗannan magunguna game da tunanin kashe kai ga yara, ta kuma faɗaɗa shi zuwa 'yan shekara 24 a 2007. Ta yi wa maganin zazzaɓin cizon sauro na mefloquine irin wannan gargaɗi a 2013 saboda illarsa ga jijiyoyi da tunani, sai maganin asma na montelukast a 2020, wanda aka lissafa saurin fushi cikin illolinsa.

A Sweden, wani bincike na 2015 ya kwatanta halin mutane sama da dubu 850 a lokacin da suke shan magungunan damuwa da lokacin da ba sa sha. An ga ƙarin kashi 43 cikin 100 na laifin duka da raunatawa ga 'yan shekara 15 zuwa 24, ba a kuma ga wani ƙari mai ma'ana ga manya ba. Masu binciken sun yi gargaɗin cewa hakan bai tabbatar magani ne sanadi ba, tunda galibi mutum kan koma wa magani ne a daidai lokacin da ciwonsa ya tsananta.

Abin da masu zargin ba su cika ambata ba shi ne wani binciken daga wannan ƙasa da aka buga a 2014. Cikin marasa lafiya sama da dubu 82, laifin duka da raunatawa ya ragu da kashi 45 cikin 100 a lokutan da suke shan maganin taɓin hankali. A 2012 an ga irin wannan ragi, na kimanin kashi ɗaya cikin uku ga maza, tsakanin masu larurar rashin natsuwa da ke shan nasu maganin. Idan aka bi waɗannan alƙaluma, tsoratar da majiyyaci har ya yar da maganinsa ba da sanin likita ba na iya haifar da abin da ake gudu. Kuma FDA ita kanta ta janye gargaɗin da ta sanya wa maganin daina shan taba na varenicline a 2009, bayan wani babban gwaji ya kasa tabbatar da zargin a 2016.

Duk da wannan ce-ce-ku-ce, abin sha da bincike ya fi danganta shi da duka da kisa a duniya tsoho ne, wato giya, wadda ba ta buƙatar takardar likita a yawancin ƙasashen da ake wannan muhawara.

Ga hukumomin gidajen yari kuwa, tambayar ta kuɗi ce da siyasa. Kuɗin ƙwayar bitamin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da ake kashewa a kan fursuna ɗaya a shekara, amma kashe ƙarin kuɗi kan abincin mai laifi ba abu ne da ke jawo wa ɗan siyasa ƙuri'a ba. Sama da shekara 20 bayan gwajin Aylesbury, raba irin waɗannan ƙwayoyi bai zama ƙa'ida a gidajen yarin Ingila ba.