FILIN KIMIYYA: Me Ya Sa Taurari Ke Fitowa Da Wutsiya A Hoto?

Ba abin takaici ga mai ɗaukar hoton taurari irin ya kwana a waje cikin sanyi, gari ya waye ya tarar da taurarin hotonsa sun zama zane-zane maimakon ɗigo. Galibi sai ya ɗora laifin a kan kyamara, watau an bar jaki ana dukan taiki. Ainihin ciwon yana ga mazaunin da madubin hangen nesa ke bisansa.

Dalili kuwa shi ne duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 23 da minti 56, don haka sai a ga taurari na tafiya yamma da digiri 15 kowace awa. Hoton abu mai dishi-dishi kuma yana bukatar a bar kyamara buɗe tsawon lokaci. Henry Draper na Amurka, sai da ya yi minti 51 kafin ya sami hoton gajimaren Oriyon a 1880. Saboda haka dole mazaunin ya bi tauraro sau da ƙafa. Ada da ido da hannu ake gyara masa tafiya. Yanzu kuwa wata ƙaramar kyamara ce ke tsare tauraro guda, kwamfuta tana ba injin umarni.

To, kowace cuta da alamarta. In tauraron yana zamewa kudu ko arewa a hankali ba komowa, ba a saita ƙarfen juyawar mazaunin daidai da cibiyar sama ta arewa ba. Wannan ya fi wuya a Nijeriya, domin tsayin cibiyar daidai yake da nisan gari daga tsakiyar duniya: digiri 12 a Kano, ƙasa da 7 a Ikko. Sau da yawa gine-gine ko hazo kan rufe Tauraron Arewa. Dabara ita ce a zuba wa tauraro guda ido, a riƙa murɗa kusoshin saiti har zamewar ta tsaya.

In kuwa yana kai da komo gabas da yamma a kan lokaci tsayayye, haƙoran giyar injin ne ba su daidaita sarai ba, kuma mazauni da yawa suna iya haddace kuskuren su riƙa gyarawa. In injin yana jinkiri duk sa'ad da aka juya shi, akwai sako-sako tsakanin haƙoran. Maganinsa a ɗan rinjayar da nauyi wajen gabas. Tsalle farat ɗaya, iska ce ko waya ta maƙale. In tauraron tsaro ya tsaya cik amma hoto ya ɓaci, ƙaramin madubin ne ke motsi bisa babban, sai a ɗaure shi tam.

Akwai kuma rawar da iskar sama ke sa tauraro. Wanda ya sa injinsa bin wannan rawa ya ƙara ɓarna. Gara kyamarar tsaro ta riƙa ɗauka bayan daƙiƙa 2 zuwa 4.

Abin lura shi ne a gyara abu ɗaya, a gwada, a rubuta, kana a taɓa wani. Mai murɗa kome lokaci guda, ko ya dace ba zai san abin da ya warkar ba, gobe kuma sai ya sake asarar dare.