Kantin Manoma: Araha Ko Samu A Kan Kari?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filina na kowane mako, domin yau ina so in yi wa 'yan'uwa malamai da akawuna magana a kan kantunan da a ke sayar wa manoma taki da iri da garma, yadda su ka samo asali a ƙasar Katsina, da yadda su ka yaɗu, da kuma abin da ya kamata mu nema gare su mu mutanen Kankiya da Kusada. Maganar tawa guda ce: kantin manomi ba a auna amfaninsa da araha kaɗai, a na auna shi da kusanci, da zuwan kaya kafin ruwa, da gaskiyar abin da ke cikin buhu.

A zamanin kakanninmu manomi ba shi da kanti sai maƙera da bayan gidansa. Maƙeri ya ƙera masa fartanya da galma da lauje, iri kuwa yana rataye cikin rumbu tun kakar bara, taki kuma na tumaki ne da awaki da toka, a kan kai shi gona bisa jaki cikin mangala tun da rani. Wanda ya ke da hali ya kan yi yarjejeniya da Fulani su zauna masa a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa taki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa irin su John Holt da U.A.C. su ka kafa kantuna da ma'auna. Amma fa waɗannan kantuna sun zo sayen amfanin gona ne, su sayar da gishiri da atamfa da kananzir. Ba su damu ƙwarai da abin da zai ƙara wa gonar ƙarfi ba.

Ɗaya daga cikin abubuwan farko da aka kawo wa manomi daga waje domin gonarsa shi ne garmar shanu. Tun wajen 1928 Ma'aikatar Gona ta fara koya wa mutane noma da shanu, En'e na ba da bijimai da garma bashi, a biya sannu sannu da kaka. Lardin Katsina na cikin waɗanda su ka karɓi abin da hannu biyu, gonar gwaji ta Kafin Soli kuwa, wadda ke nan ƙasar Kankiya, tana cikin wuraren da aka yi wannan aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga gwada takin supa a gonakin gyaɗa. Duk da haka ba za a ce akwai kanti ba tukuna, don komi a hannun malamin gona ya ke, sai wanda ya sani ya samu.

Kantin manoma na sosai ya samo asali ne bayan wahala. Farin 1973 ya ƙone amfani, sa'an nan a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa ta kusa shafe nomanta a Arewa. A cikin shekarar nan ta 1975 Gwamnati da Bankin Duniya su ka buɗe manyan ayyukan gona uku, a Funtuwa da Gusau da Gombe. Na Funtuwa ya haɗa ƙasashen Funtuwa da Bakori da Faskari da Malumfashi da Ƙanƙara. Dabarar da aka yi mai sauƙi ce. Aka gina ƙananan cibiyoyi barkatai cikin ƙauyuka, kowace da sito da malamin sayarwa, aka kuma share hanyoyin mota zuwa gare su, don kada manomi ya yi doguwar tafiya kafin ya sami buhun taki, ko irin masara, ko maganin feshi. Farashi ɗaya ne ko'ina, da na kusa da gari da na ƙauyen ƙayau. Wannan shi ne ya sa masara, wadda dā a bayan gida a ke shuka ta don gashi, ta zama babban amfanin gona a kudancin Katsina.

Kankiya ba ta cikin wannan shiri na farko, mutanenmu sai dai su ji labari, ko su sayi takin daga hannun 'yan kasuwa da su ka ɗauko shi daga can. Sai a cikin shekarun 1980, da aka ga amfanin abin, aka faɗaɗa shi ya game jiha duka, aka kuma ware sashen ciniki aka mai da shi kamfani. Tsohuwar Jihar Kaduna ta kafa wanda a ke kira FASCOM, Kano ta kafa KASCO. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ran 23 ga Satumba, 1987, ita ma ta sami nata kamfanin, watau FASCOKT, tare da hukumar aikin gona ta KTARDA mai kula da malaman gona. Ta haka sarƙar sito ta miƙo har ƙasashenmu na jigawa, inda gero da dawa da wake da gyaɗa su ke sarauta.

To, jama'a, in abin ya yi kyau haka, me ya rage masa ƙarfi? Ruwa ba ya tsami banza. Tun 1976 Gwamnatin Tarayya ta ɗauki sayen taki a hannunta ita kaɗai, ta na rabawa jihohi, ta na kuma biyan mafi yawan kuɗin, har a wasu shekaru manomi ba ya biyan ko rabin rabin farashin gaskiya. A ido wannan alheri ne. Amma duk abin da a ke sayarwa sule a sito, alhali a kasuwa fam ne, ba zai daɗe a sito ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu hanya su ka riƙa karɓar takarda su kwashe tirela, taki ya ƙetare iyaka zuwa Nijar ko ya koma kasuwa da tsada, manomin da aka yi abin dominsa ya wuni a bakin sito ya koma gida da rabin buhu, ko da hannu wofi. Kamfanin kuma bai koyi ciniki ba, ya saba da jiran abin da za a aiko masa ya raba. Da Gwamnati ta janye tallafi a 1997, sito da yawa su ka zama ba komi cikinsu sai jemagu, ko da ya ke an mai do da wani ɓangare na tallafin a 1999.

Babbar illa, a ganina, ba satar ba ce, lattin ne. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba ta tattara. Kamfa da supa a na son su a ƙasa tun lokacin shuka ko jim kaɗan bayan tsiro, yuriya kuwa a na bi da ita bayan 'yan makonni, sa'ad da hatsi ke neman tashi. Takin da ya iso a ƙarshen Agusta, gero ya riga ya fid da kai, ko kyauta aka ba da shi bai biya bukatar bana ba. Na ga shekarar da aka yi bikin buɗe sayar da taki da kiɗa da jawabai, alhali manoma sun gama noman farko har sun shiga maimai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

An yi ta gwada magani. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke Ministan Gona, aka fito da tsarin aika wa manomi saƙo ta wayar hannu, ya je wurin dillalin da aka yarda da shi ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. A 2017 kuma aka shiga haɗa taki a cikin gida da sinadarin da a ke sayowa daga Maroko, aka yanke farashin buhu naira 5,500. Kowane daga cikinsu ya yi amfani gwargwado, kowane kuma ya raunana da canjin hannu ko tashin farashi, musamman bayan yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya tsauwala kuɗin taki a duniya duka.

Yau wanda ya cike gurbin shi ne ɗan kasuwa. A bakin hanyar Kano zuwa Katsina, a Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya, da kasuwannin ƙauyukan Kusada, za ka ga rumfuna cike da buhuna da kwalaben feshi. Ɗan kasuwa ya fi sito abu biyu: yana buɗewa kullum, yana kuma auna wa talaka tiya ɗaya in ƙarfinsa ke nan. Amma akwai haɗari a nan ma. Buhun da aka buɗe ba wanda ya san abin da aka gauraya ciki, maganin feshi kuwa a kan same shi wa'adinsa ya wuce, ko a juye shi cikin kwalbar lemo ba rubutu ba gargaɗi. Ba na cewa duka haka su ke, akwai masu tsoron Allah da yawa cikinsu. An kuma yi dokar kula da ingancin taki a 2019. Sai dai doka ba ta zuwa kasuwar ƙauye da ƙafarta.

Saboda haka ga shawarata guda uku ga masu iko. Na ɗaya, a gyara sito na kowace gunduma, a cika su tun watan Afrilu, kafin hadari ya taso. Na biyu, kada a karya farashi har ya zama tarkon ɓarayi. Gara rangwame kaɗan wanda zai isa ga kowa, da rangwame mai yawa wanda ba ya wuce ƙofar manya. Na uku, a liƙa takarda a ƙofar kowane sito da boko da ajami, a rubuta buhu nawa su ka shigo, nawa aka sayar, nawa su ka rage, don mai unguwa da liman da kowane mai wucewa su gani.

Mu kuma da Allah ya ba ilmin karatu, akwai namu rabon aikin. Malamin makaranta ya koya wa yara ma'anar lambobin nan uku da ke jikin buhu, irin su 15-15-15 da 20-10-10, su san na fari shi ne mai sa ganye, na tsakiya mai ƙarfafa saiwa, wanda gyaɗa da wake su ka fi so. Akawu ya taimaki ƙungiyar manoman garinsu da riƙe littafin kuɗi, don su haɗa hannu su sayi kaya da rani lokacin da ya ke da sauƙi, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamai kuma su tuna wa 'yan kasuwa cikin wa'azi hukuncin algus da tauye mudu. Kada kuma mu bar manomi ya manta da takin gida, gama ƙasar jigawa in ba ta sami shi ba, na zamani ba ya zama cikinta, ruwa ɗaya ke wanke shi.

Ina so 'yan'uwa na Ingawa da Musawa da Caranci su rubuto su gaya mana halin da sito na garuruwansu su ke ciki, da watan da taki ya kan iso musu, don a haɗa maganar a kai ta inda za a ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Ɗan Kankiya.